Goyon Cikin Yakaka

Duk Fagge babu wanda bai san inda aka haifi Modu tela ba, don uwarsa Yakaka ba ta bari a manta. Ko suna aka je ko biki, kafin a raba goro sai ta kawo labarin: yadda cikinta na fari ya tsufa, ubanta ya aiko yayyenta da takarkari tun daga Gure suka ɗauke ta goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, aka yanka mata sa, ta yi wankan jego har ta murmure, sannan aka maido ta Kano da kaya niƙi-niƙi. Miji ya rasu, dukiya ta watse, haƙora sun zube, amma labarin nan yana nan daram. Shi ne shaidarta cewa ita 'yar gata ce mai gidan uba, ba tsintar ta aka yi ba.

To, shekarar da aka ce za a yi babban zaɓe, kowane namiji baligi ya je ya karɓi katin ƙuri'a, Modu ya rufe kekensa a kasuwar Sabon Gari ya zo ya bi layi. Malami yana rubutu a tebur, mai unguwa Almu yana gefe a kan kujera yana shaida mutanensa. Almu kuwa ba ya ko son jin sunan Modu, don Modu ne ke ɗinka wa 'yan adawa huluna, kuma ba a yin lacca ba shi.

Malamin ya ce, "Ina aka haife ka?"

Modu ya ce, "Gure." Har da ɗaga kai ya faɗa, bawan Allah, don da wannan labarin aka yaye shi.

Almu ya gyara zama. "Gure ta tsallaken iyaka, ƙasar Faransa? Ai Malam wannan ba namu ba ne. Baƙo ne, kuma baƙo ba shi da ƙuri'a."

Baƙo! Mutumin da kabarin ubansa da na kakansa suke garin nan. Mutumin da ƙanensa Dabo, uwa ɗaya uba ɗaya, yanzun nan ya karɓi nasa katin yana tsaye a bayan rumfa yana juya shi. Ciki ɗaya ya haifi ɗan ƙasa da baƙo, kun taɓa jin irin wannan rainin hankali? Modu ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Almu ya bar shi ya gama, sannan ya ce cikin sanyi, "In kuskure ka yi, kawo wadda ta haife ka ta faɗa da bakinta." Ya san abin da yake yi sarai, mugun, don shi ma ya sha jin labarin takarkari.

Modu ya koma kasuwa yana huci. Maƙwabcin rumfarsa Nwabueze, mai sayar da allura da man keke, wanda bai daɗe da saukowa daga jirgin ƙasa da akwati ɗaya ba, ga kati nan ya leƙo daga aljihunsa.

Modu ya ce, "Kai da ka zo jiya kai ne ɗan gari, ni ne baƙo ko?"

Nwabueze ya ce, "Modu, ni ban yi doka ba. Matata Veronica ta yi zaɓe a garinmu, nan an ce mace ba ta yi. Kowa da inda suka taka shi."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiya ba ta kashe wa Modu wutar ba. Da ita ya shiga gida, ya tarar da tsohuwa tana tsince shinkafa a faifai, ya sauke mata abin da bai kamata ɗa ya sauke wa uwa ba.

"Inna, goyon cikin nan da kike ta yayatawa ya mai da ni baƙo a garin ubana. Da kin zauna a ɗakinki kin haife ni, da yau ni ma mutum ne."

Yakaka ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Washegari da hantsi ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta tsaya a bakin zaure. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai kawai ta ce, "Wuce mu je."

Rumfar rabon kati a cike take. Aka dare mata hanya, don kowa ya san ta. Malamin ya tambaye ta inda ta haifi wannan mutum.

Ta ce, "A Fagge."

Ai shi ke nan, da mai unguwa mai kunya ne da nan ya tsaya. Amma Almu ya karkato da kai yana murmushi. "Haba Baba, ɗan fari a gidan miji? Ba a zo an ɗauke ki goyon ciki ba?"

"Ba a zo ba."

"To bijimin da aka yanka miki fa? Da takarkarin?"

"Ƙarya nake yi."

"Wato ba ki da gidan uban da za a kai ki ke nan."

Modu ya yunƙuro zai shaƙe shi, Dabo ya riƙe masa riga. Tsohuwa ta dubi Almu ido cikin ido, a gaban mutanen da ta ci bikin iyayensu, ta ce, "Ba ni da shi."

Wani a baya ya yi dariya. Malamin ya sunkuyar da kai ya rubuta, ya miƙa wa Modu kati, bai iya ko kallonsa ba.

Suka kamo hanyar gida, tana gaba yana binta, katin a hannunsa. Takardar ba ta kai tafin hannu ba. Ita da aka tozarta a kanta, ko za ta shekara ɗari a Fagge ba za a ba ta irinta ba.

A bakin zaure ya ce, "Inna, ki yafe mini. Bari in yayyaga ta kowa ya huta."

Sai a nan ta juyo, idonta jawur, babu hawaye ko ɗigo.

"Ka yayyaga in tsine maka. Ubana na ba su kafin su ba ka wannan. Ranar zaɓe ka riga kowa zuwa."