Hoton da Ke Jikin Buhu

Tun ranar da aka naɗa ta ƙaramar ministar harkokin waje yayanta yake tsokanarta: "Auta a gida, auta a gwamnati!" Takan yi dariya kawai, don ta san rabonta shi ne abin da babban minista ba ya so: tarbar baƙi a filin jirgi da kula da kayan agaji.

Da ambaliya ta ci garuruwan wata maƙwabciyar ƙasa, aka tara shinkafa da barguna da magani cikin tirela goma sha biyu. Kwana huɗu motocin na tsaye a harabar sito, wai can sun ce ba sa so.

Ta kira jakadansu ofis. Dattijo ne mai furfura, ya ɗosana a bakin kujera, shayinsa har ya huce bai taɓa ba.

"Ranka ya daɗe, mutanenku a kan rufin makaranta suke kwana. Me ya hana ku karɓa?"

Ya daɗe yana goge tabarau kafin ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ga buhunan da idonki?"

Ba ta gani ba. Nan take ta nufi sito. Kowane buhu an manna masa hoton babban minista yana washe baki, a ƙasa an rubuta "Taimako ga matalauta". Kunya ta rufe ta. Ta tuna shekarar da gobara ta cinye gidansu, yadda mahaifiyarsu ta mayar da kwanon abinci saboda mai kawowa ta tsaya a ƙofa tana shela.

"A ɓare hotunan nan duka," ta ce da shugaban sito.

"Ranki ya daɗe, hoton maigida ne fa!"

"In ya tambaya, ka ce ni ce."

Ta cire agogonta, ta fara da buhun da ke gabanta. Ganin haka leburori da direbobi suka sa hannu. Wani direba ya ce, "Yau dai na taɓa fuskar minista!" Aka kwashe da dariya.

Washegari motocin suka tsallake iyaka. Babban minista kuwa ya sha kunu, wata uku bai sake tafiya da ita ko'ina ba, gaisuwarta ma da ka yake amsawa. Abin ya dame ta, ba ta ɓoye ba.

Mako guda da tafiyar motocin, jakadan ya bugo mata waya. Ya ce ƙanwarsa na cikin waɗanda suka sami bargo, sai muryarsa ta sarƙe. Ta jira shi har ya iya ci gaba.