Kaye a Masussuka

Dallatu ya yi tashensa a kokawa shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau bai yarda a manta ba. Ko ban ruwan albasa ka tarar yana yi a Watari, kana gaishe shi zai ja ka zuwa ranar da ya kayar da wani ƙato a Ɗanbatta. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: ɗansa Basiru, mai shekara goma sha biyar, sanyi gare shi kamar uwarsa, ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba.

Ana nan sai Basiru ya gaji tsohuwar wayar yayansa. Duk ranar kasuwa sai ya kai ta wurin masu tura bidiyo a waya a Bici, a cika masa ita da kokawar Turawa, irin wadda ƙarti ke cira juna sama su maka da ƙasa. Kafin a yanke gero yaro ya canza. Tafiya ya koma yi yana buɗa hannuwa, magana kaɗan sai ya shaƙo wuyan ƙanensa. Uwarsa Barira ta kai ƙara har sau uku.

"Malam, ka raba yaron nan da wayar nan. Jiya da na tsawata masa, wani irin kallo ya yi mini."

"Ke dai ba ki san jini ba," in ji Dallatu. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Sau ɗaya ya zauna suka kalla tare a zaure. Ya ga an kifa mutum, an dasa kansa a ƙasa, mutumin ya miƙe yana huci. Dallatu ya san ƙarya ce, don ya san abin da wuyan ɗan Adam ke iya ɗauka. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji kafaɗar Basiru a jikin tasa, yaron da kullum ke gudun zama kusa da shi. Daɗi ya kama shi, ya haɗiye maganar, ya ce a ransa wata rana zai koya masa ta gaskiyar.

Ranar bugun dawa aka taru a masussuka, ƙasar ta sha shara da duka har ta yi tauri kamar daɓe. Cikin masu taya aiki akwai Kamaruddeen, ɗan Furera ƙanwar Dallatu, taubashin Basiru ke nan, kuma bakinsa ba ya hutawa. Bayan la'asar, ana shan fura, ya fara.

"Ga ɗan kawu, zakaran kokawar waya. In caji ya ƙare, ƙarfin ma ya ƙare."

Aka yi dariya. Basiru bai yi ba, ya tashi ya cakumi rigarsa. Maƙwabcinsu Sama'ilu ya ajiye ludayi zai raba, Dallatu ya riƙo hannunsa.

"Haba Malam Sama'ilu, wa ke shiga tsakanin taubasai? Ƙyale su, wasansu ne."

Haka kuwa al'ada take, sai Sama'ilu ya koma ya zauna. Gaskiyar magana, so Dallatu yake jama'a su gani da idonsu.

Suka sarƙe. Kamaruddeen ya zame, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. A kokawar da kowa a wurin ya sani, an gama ke nan, saura a miƙa wa wanda ya faɗi hannu. Shi ma ya saki jikinsa yana dariya, yana cewa ya yarda. Basiru bai sake shi ba. Ya tura kan yaron tsakanin cinyoyinsa, ya rungumo ƙugunsa, ya cira shi ƙafafu a sama. Dallatu ya gane abin da ke zuwa, ya yunƙura, amma kafin ya miƙe Basiru ya zauna da ƙarfi.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Basiru ya danne shi, ya bugi ƙasa sau uku yana ƙirgawa, ya tashi ya ɗaga hannuwa yana zagaya fili. Babu wanda ya tafa.

Dallatu ya durƙusa. Idanun Kamaruddeen a buɗe suke, ƙaiƙayi ya manne a leɓensa.

"Kawu," ya ce a hankali, "ɗaga mini shi daga kaina. Ba na jin ƙafafuna."

Babu kowa a kansa. Tsoro irin wanda Dallatu bai taɓa ji a fage ba ya kama shi. Wani ya ruga neman mota, wani ya ruga cikin gari, kuma ba a jima ba aka jiyo muryar Furera daga bakin hanya tana kiran "Yaya, Yaya."

Basiru ya sauke hannuwansa, ya matso, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

"Baba, ka ce masa ya tashi mana. Ai suna tashi. Tare muka gani."

Dallatu ya kasa ɗaga kai ya dubi ɗansa. Tare suka gani ɗin, kuma a ranar bai ce masa komai ba.