Ƙwaƙwalwa ta biyu tana ciki

Na'urar da Barmo ya sayo daga Sakkwato ƙwaƙwalwa biyu gare ta, amma da aka kunna guda ɗaya ta nuna. A kan haka ya kori Illo.

A 2006 ne. Barmo ya buɗe sibar, wato shagon intanet, kusa da tashar Konni, kuma wannan babbar na'ura ce za ta riƙe sauran ƙananan. Illo direbansa ne, mijin ƙanwarsa Tsahara. Shi ya ɗauko ta, kuma ya kwana da ita a bakin iyaka saboda 'yan duwan, wato kwastan.

Safiya, mai kula da na'urorin, ta dubi gilashi ta ce, "Alhaji, guda take gani. Ƙila laifin tsarin da aka zuba mata ne. A buɗe a duba."

"A buɗe? Mai kaya ya ce in an yage hatimi babu garanti. Ke riƙe bokonki."

Barmo a harkar mota ya tashi. A saninsa, in kaya sun kwana a hanya suka iso da ragi, hannu ya shiga. Ya kira Illo gaban mutanen tasha, ya ce ya dafa Alƙur'ani.

Illo ya ce, "Yaya, ka san gidanmu ba mu dahwa shi ko kan gaskiya. Ban taɓa ba, shi ke nan."

"To aje makulli."

Barmo ya san da wannan al'ada tasu tun ranar da ya ba su Tsahara. Mutanen tasha ba su sani ba, shi kuma bai faɗa musu ba. Daga ranar babu wanda ya sake ba Illo mota. Ya koma Galmi yana dakon buhunan albasa, mutum mai furfura.

Bayan damina wani Mas'udu ya zo daga Yamai gyaran layin intanet. Safiya ta nuna masa. Ya yi dariya ya ce tsohon nwayo ne, wato cibiyar tsarin, yana da kuskure, in ya sami irin wannan na'ura ba ya ƙirga ƙwaƙwalwa ta biyu. Ya sa faifai ya zuba sabo, ya kashe ya kunna. Biyu suka fito. Hatimi na nan yadda yake.

Barmo ya ce, "Sake kunnawa." Aka sake. Biyu.

Bai ci abincin rana ba. Ya ɗau makullin motar ya nufi Galmi da kansa. Ya tarar da Illo kwance rub da ciki kan tabarma, Tsahara na gasa masa baya da ruwan zafi. Buhu ne ya goce masa tun watan jiya. Ba ta ce wa yayanta sannu da zuwa ba.

Barmo ya durƙusa ya aje makulli kusa da kansa. "An gane ta. Tana ciki. Gobe in tara tasha in hwaɗa musu."

"Na yahe, Yaya," in ji Illo. "Ka hwaɗa musu, don yara."

"Motarka tana waje."

Illo ya yunƙura zai zauna, ya kasa. Tsahara ta ɗauki makullin ta miƙa wa Barmo.

Ta ce, "Likita ya ce shi da zaman sitiyari har abada."