Ranar da Inna ta Wanke Ledar Asibi

Shekarar da baƙar leda ta cika Kiru, awakin maƙwabciyata Asibi suka fara ƙarewa. Akuya ta haɗiyi leda a bola, ciki ya kumbura, ta daina tuƙa, sai wuƙa. Biyu aka yanka mata a damina ɗaya, kuma mijinta Malam Umaru ne ya yanka, da wani irin sauri da ni dai ban yarda da shi ba. Saura ɗaya tal, wata fara da take kira Hajiya. Ko ni ba na samun fara'ar da akuyar nan ke samu.

Asibi alkaki take sayarwa a tasha, amma ta ce ita da leda har abada. Ta dama sitacin rogo ruwa-ruwa, ta zuba ruwan zoɓo da citta da kanumfari, ta shafa a bayan farantai ta shanya. Da ya bushe ta ɓare shi, ja, shara-shara, kana hango yatsunka. A ciki take naɗe alkaki, ka cinye ka bi da ledar. Wai kanumfarin ne ma ke hana man alkakin saurin yin wari. Na yi mata dariya har da hawaye, sannan na ɗanɗana na roƙi ƙari.

Ana haka surukarta Inna ta zo daga Burumburum. Inna ba ta yar da komai. Leda ma wanke ta take, ta shanya a igiya, ta ninke ta cusa ƙarƙashin tabarma. Asibi kuwa kunyar suruka ba ta bari ta yi mata dogon bayani ba.

Ranar kasuwa Asibi ta bar tarin ledarta a tire ta fita. Inna ta taɓa, ta ji danƙo, ta ce yaran zamani ƙazanta ta yi musu yawa. Ta juye duka a baho, ta kwara ruwa, ta shiga ɗaki neman sabulu. Kafin ta fito babu leda ko ɗaya, sai jan ruwa mai kauri. Tsohuwa ta koma ɗaki ta ja ƙofa.

Da la'asar na jiyo kukan Asibi ta katanga. Na shiga ko mayafi ban ɗauka ba. Ga Hajiya kwance, ciki ya yi tim, baki da gemu jajur, ga baho a kife.

"Jini take amai, Saude," in ji Asibi. "Ta tafi ita ma."

Malam Umaru tuni ya fito da wuƙa yana wasa ta a bakin turmi. "Ku matsa kada ta zama mushe," ya ce. "A yi asara biyu ke nan."

"Malam, ka dakata mana," Asibi ta ce, ta rungume wuyan akuya.

"Dakatawar me? Saude, kama min ƙafafun."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga har yana haɗiyar yawu. Na durƙusa kamar zan kama, sai ƙamshi ya daki hancina. Na dangwali gemun na lasa.

"Malam Umaru, yaushe jini ya fara zuwa da citta?"

Sai ga Inna a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali. "Ni fa wanke su kawai na yi. Ledar banza, ko ruwa ba ta jurewa."

Asibi ta dubi baho, ta dubi akuya. Hajiya ta yi wata gyatsa mai kanumfari, ta miƙe da ƙyar, ta je tana lasar gindin baho. Malam Umaru ya tsaya da wuƙa a hannu, fuskar nan kamar an ƙwace masa kwano.

Inna ba ta haƙura ba. "Gobe a sayo ta gaske, mai wankuwa."

Tun da aka kawo Asibi gidan ban taɓa jin ta mayar wa Inna magana ba. Ranar ta sunkuyar da kai, hannunta a wuyan akuya, hawaye na zuba, ta ce, "Inna, da ta gaske ce, da yanzu fiɗa ake yi."