Ƙaramin Inji a Hannun Direban Tirela

Surukin Baban Tirela bakanike ne, kuma duk unguwa an yarda da hannunsa a kan ƙananan motoci. Mota ta zo tana tari, kafin mai ita ya gama kora bayani ya riga ya san inda ke yi mata ciwo. Amma akwai mota guda da in ya hango ta tana shigowa gareji sai gabansa ya faɗi, ita ce motar uban matarsa.

Baban Tirela ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan babbar mota mai shan dizal, can ya samo sunan. Da ya ajiye aiki, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa 'yar ƙaramar mota mai injin fetur, silinda uku, lita ɗaya, wadda jikoki suka raɗa wa suna Kwalin Ashana. Ranar da aka kawo ta ya zagaya ta, ya buɗe bonet, ya leƙa ya daɗe, sannan ya ɗago ya tambayi 'ya'yan, "To ina sauran injin?"

Duk da haka ya so ta, so mai tsanani, kuma son ne ya kusa kashe ta. Ya riƙe ta yadda ya riƙe tirela. Kullum da safe sai ya tayar da ita ya bar ta tana sulo a ƙofar gida, wai tana ɗumi, har ya gama shan shayi ya karanta rabin jarida. Baƙin man da kamfani ya ce a zuba mata kuwa, ya taɓa shi da yatsa ya ce wannan ai ruwan wanke hannu ne, ya je ya sayo mai kauri irin na manyan motoci ya ɗura mata da kansa. In ya hau, kafin ya kai ƙarshen layi ya riga ya jefa ta a giya ta biyar, motar tana karkarwa, shi kuwa yana murmushi wai yana tausaya wa inji. Tafiyar ma ba ta wuce gidan burodi da kantin magani, sai a dawo a lulluɓe ta da tamfol.

Sai ta fara ciwo. Yau batir ya yi sanyi, gobe tana cijewa, jibi fitilar inji ta kama. Bakanike ya wanke filogi, ya yi wa batir caji, ya faki ido ya yi mata juye da man da ya dace, ya miƙa makulli da hannu biyu ya ce, "An duba, Baba." Baba ya koma gida ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa, ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su san mai ba. Washegari mai kauri ya koma ciki. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Abin ya zo ƙarshe ranar da motar ta mutu a tsakiyar shataletale, Mama, matar Baba, tana zaune a gidan gaba ta sha kwalliya za ta dubiya asibiti. Masu motoci suka cika su da hon, wasu masu sayar da lemo suka tura su gefe. Da aka dawo gida Mama ta sa aka kira mata bakanike.

"Kai ne ka san kan mota," in ji ta. "Ka duba ta da kyau ka faɗa mini. In ta lalace, ga dillali nan a bayan layi yana ta zarya, a ba shi. Kuma ba za a sayi wata ba. Tasi ba ta ƙare a gari ba."

Baban Tirela yana zaune a kujerarsa yana kallon jarida, amma bai juya shafi ba.

Bakanike ya koma gida cikin damuwa ya ba da labari. Matarsa, wadda ita ce autar Baba, ta ce, "Mene ne abin damuwa? Ka faɗi gaskiya kawai."

"Gaskiyar ce damuwar," in ji shi. "In na ce motar ce, an raba Baba da sitiyari. In na ce ba ita ba ce, sai a ce to wane ne?"

"To wane ne?"

"Ubanki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya ba shi sa'a.

Da safe aka janyo motar zuwa gareji, Baba ya biyo ta, ya tsaya a kanta hannu a baya kamar wanda ya kawo ɗa asibiti. Bakanike ya buɗe murfin baƙin mai, ga wani farin kumfa mai yauƙi manne a ciki. Ya kwance filogi, duka ukun sun yi baƙi ƙirin.

"Gaskit ya ƙone," in ji Baba. "Ruwa na shiga mai. Na faɗa tun farko, injin nan bai da ƙashi."

Bakanike ya duba ruwan lagireto, bai ragu ba. Ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, duka daidai. Ya so ƙwarai ya sami wani abu da ya lalace, ko ƙarami ne, wanda zai ɗora wa laifi kowa ya huta, amma injin ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya goge hannu a tsumma fiye da yadda hannun ke buƙata.

"Baba, a yi mini haƙuri," in ji shi, idonsa a kan filogin. "Lafiyarta ƙalau. Zaman gida ne ya ishe ta."

"Kamar yaya?"

"Kumfan nan gumi ne, Baba. Inji in bai yi zafi sosai ba, laimar da ke ciki ba ta ƙonewa, sai ta gauraya da mai. Ita ba ta son dogon sulo, a tayar a tafi kawai. Hanyoyin man cikinta sirara ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri. Kuma ƙarfinta a sama yake, sai an taka mata totur ta yi ihu kaɗan kafin a sauya giya. Batirin ma daga nan zuwa gidan burodi ba ya cika."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Wato ni ne ban iya tuƙi ba."

"Haba Baba, wane ni! Ku da kuka..."

"Ina jan tirela a kan dutse uwarka tana goye da kai."

"Haka ne, Baba."

"Ban taɓa kashe inji ba."

"Wallahi na sani, Baba. Ita ce dai ba tirela ba." Ya ajiye filogin. "Ku bari in yi mata juye in sa sababbin filogi, mu hau babbar hanya ku taka ta da kanku. In ba ta warware ba, ni zan ce wa Mama ban san aikina ba."

Bakanike ya zaci tsohon zai yi tsalle ya karɓa, mutumin da hirarsa duka ta babbar hanya ce. Sai ya ji ya ce rana ta yi zafi, ya ce mai ya yi tsada, ya ce ai ana gyaran titin. Daga ƙarshe da dalilai suka ƙare masa, ya ce, "Zuba man naka mu gani."

Aka yi juye, aka sa sababbin filogi, suka ɗauki hanya. A cikin gari Baba ya yi tuƙi mai daɗi. Ya san kowane rami, yana kauce masa tun kafin bakanike ya gan shi, kwana kuwa yana shan ta a buɗe kamar har yanzu akwai doguwar bodi a bayansa. Giya ta biyar ta shiga tun a bakin kasuwa, bakanike ya danne zuciyarsa ya kalli taga. Suka wuce gada, gidaje suka fara ƙarewa, ga babbar hanya shimfiɗe a gaba. A nan Baba ya sa sigina, ya gangara gefen wani gidan mai, ya tsaya. Bai kashe motar ba, bai kuma saki sitiyarin ba.

"Wancan allon," in ji shi, ya nuna da haɓa, "me aka rubuta a jiki?"

Allo ne ƙato, harafinsa kowanne ya kai tsawon hannu. Bakanike ya buɗe baki zai karanta, sai ya fahimci tambayar, ya rufe.

"Ni kore kawai nake gani," in ji Baba. "Tun bara. Na kusa ina gani tas. Na nesa kuwa, mota ce ko inuwa, sai ta matso. Cikin unguwa na san hanya da ka, kuma a hankali nake tafiya. Nan ba a tafiya a hankali." Ya shafa sitiyarin da tafin hannu. "Ka ce zaman gida ya ishe ta. Ni ma ya ishe ni, ɗana."

Tausayi ya kama bakanike har ya rasa inda zai sa idonsa. Ga kunya kuma, don ya shekara yana gyara filogi yana yi wa tsohon dariya a zuci, bai taɓa tambayar kansa abin da ya hana direban tirela wuce gidan burodi ba.

"Mama ta sani?"

"Da ta sani da tuni dillali ya sauya mata fenti."

Baba ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya zagayo ta gaban motar ya tsaya a ɗaya gefen. Bakanike ya fito da sauri ya ba shi wuri. Tsohon ya zauna, ya yi ta laluben inda ake tura kujerar baya, don bai taɓa zama a kanta ba.

Bakanike ya hau hanya. Ya bar ta a giya ta uku har allurar awon juyin inji ta haura, injin ya ɗauki kuka.

"Kai! Za ka fasa ta! Sauya mana!"

"Saura kaɗan, Baba."

Motar ta yi tari, ta fesar da baƙin hayaƙi ta salansa, ta sake cijewa kamar za ta ba shi kunya. Can sai muryarta ta washe, karkarwar ta ɗauke, ta miƙe tana tafiya sumul. Baba ya karkata kai, ya rufe ido yana saurare, ƙafarsa ta dama tana danna tabarmar mota a banza. Suka wuce wata tirela mai hawa tudu da ƙyar, ya buɗe ido ya bi ta da kallo har ta koma baya.

"Ashe 'yar banzar nan tana da murya," in ji shi, ya fashe da dariya. "Ƙara mata!"

Sun yi nisa kafin su juyo. A hanyar dawowa, da suka shigo gari, Baba ya ce, "Gobe ka kai ni wurin likitan ido. In tabarau ne a ba ni. In kuma ya ce an gama, an gama. Kada ka yi wa uwarku ƙarya saboda ni." Da suka iso bakin layinsu bakanike ya rage gudu, ya ce ko Baba zai karɓa ya shigar da ita gida. Tsohon ya kalli sitiyarin, ya girgiza kai.

Mama tana bakin ƙofa tana jiran hukunci, dillali yana gefe yana kaɗa makullansa. Da gani ta shirya maganar da za ta tarbe su da ita, har bakinta ya fara motsi. Sai ƙofar gefen fasinja ta buɗe, mijinta ya fito. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya sauka daga wannan gefen ba. Ta dube shi, ta dubi bakanike, wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

"Lafiyar motar ƙalau," in ji Baba. "Shiga ciki, ina da magana da ke."

Mama ta juya wurin dillali ta ce masa ya je, ba ta sayarwa ba ce. Sannan ta matsa ta riƙe wa mijinta ƙofar gida, ta ce a hankali, "Akwai tudu a nan, ka kula."