Gwajin da Yaya Ya Ɗana wa Auta

Yaya ne ya koya wa Auta kunna kwamfuta, amma yanzu a ofis sunan Auta ne a bakin kowa. Wai ya gyara manhajar da ita ce ginshiƙin da ake ɗora shafukan intanet na kamfanin a kai. Da, in manhajar za ta tashi sai ta kwaso duk guntayenta, na saƙo, na hotuna, na taswira, kamar mai ƙaura. Yanzu tana tashi hannu rabbana, ba ta jawo guntu sai an neme shi. Manaja kuwa ya ce a cikin 'yan'uwan nan biyu zai zaɓi mai jan ragamar sabon aiki.

Kishi ya ci Yaya, har shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Ya san ƙanensa ciki da waje. Mutumin da kullum sai ya mance makullin gida ne zai yi aiki ba kuskure?

Sai ya zauna ya rubuta gwaji. Gwajin zai duba guntayen da aka jawo kafin manhaja ta tashi, ya sake dubawa bayan ta tashi; in ko ɗaya ya shigo a sace, allo ya yi ja. Bai bar kafa ko ɗaya ba.

A ofishin, sabon gwaji a teburinka kake fara kunna shi, sannan ka kai babban allon ɗakin taro. Yaya ya tsallake teburin. Jan nan yake so ya fito a gaban shaidu.

Da safe aka hallara, ya danna, ya harɗe hannuwa.

Kore.

Ya sake dannawa, wai ko injin ne. Kore dai.

Manaja ya sauke ajiyar zuciya. "Ni da ma ɗar-ɗar nake yi, ina ganin Auta yaro ne. Amma tunda yayansa ya bi aikin da irin wannan tsanani bai samu komai ba, magana ta ƙare. Auta, aikin naka ne."

Aka watse. Auta ya matso, idonsa har ya kawo ruwa.

"Yaya, na gode. Ban san kana tsaya mini haka ba." Ya ɗan sosa ƙeya. "Irin wannan gwajin nake so ka rubuta mana a sabon aikin. In da hali, ka kawo mini kafin a tashi."

Yaya ya dubi koren allon. "To," in ji shi, ya koma teburinsa.