Madubin da Yaya Ya Ɗaura

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa, yin sa ne jidali. Muna da na'ura a jikin tauraron ɗan'adam, tana leƙen can ƙololuwar iska, inda rana ke dukan iskar har ta riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani, ultrabayolet. Na'urar ta auna ta turo, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in tace.

To, sai hasken ya fara ja da baya. Ko dai saman ne ya lafa, ko kuma madubin na'urar ne ya dushe. Shi wannan madubi ɗan gata ne, ba ya shiri da maiƙo. Turare ko man shafawa, tiririnsa kaɗai ya kwanta a kai, rana ta gasa shi, shi ke nan an yi asara. Wanda kuwa ya ɗaura shi kafin a harba, yayana ne.

Oga bai zargi kowa da baki ba. Kawai dai ya karɓe katin Yaya na shiga ɗakin haɗa na'ura, wai sai an gama bincike. Kowa ya san in laifin ya tabbata, aikin Yaya ne zai tafi. A wurin shan shayi, da na shigo sai hira ta koma ta ƙwallo. Munafukai!

Ni kuma abin da ke cina daban ne. Yaya yana da ciwon kafaɗa, kuma Mama ba ta yarda da maganin da ba ya wari. Kullum ya je gaishe ta sai ta mulke shi da man zafi. Na tambaye shi zancen man a mota, ya ce tun da aka fara haɗa na'urar yake guje wa hannun Mama, har fushi ta yi da shi. Na ce to. Amma Allah ya sani zuciyata ba ta kwanta ba.

Da rana tsaka na bi ta gaban ɗakin sauya kaya, na ga farar rigar aikinsa a rataye. Na waiga, ba kowa. Na kai wuyanta hanci. Sabulu kawai na ji, na mayar da sauri.

Gwaji ɗaya ne zai raba gardama. Aka juya na'urar ta kalli wani tauraro da muka auna tun farkon harbawa, wanda haskensa ba ya canzawa. In shi ma ya dushe, madubi ne. Muka taru a bayan kwamfutata.

Tauraro ya fito ras, yadda muka san shi. Ashe rana ce ta sassauta, saman ya lafa. Oga ya miƙa wa Yaya katinsa yana ta kame-kame, masu hirar ƙwallo suka zo har da dafa masa kafaɗar mai ciwo.

Na bi Yaya baranda da murnata, na ce ai dama na san haka za ta kasance. Ya rataya katin a wuya, bai kalle ni ba.

"Ƙofar ɗakin sauya kaya gilashi ce, Auta," in ji shi. "Su ban ji zafinsu ba, ba su san ni ba. Ke ce kika shinshina rigata."